"Na'ura ta ƙi karɓa": wa ya zana layukan da ake zuba sunayenmu a ciki?

Ya ku jama'ar Madawa, Buza da Keita, na gida da waɗanda ke can wurin biɗa a Abijan, Legas, Agadas da Libiya.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙasarmu. Ka je rajistar taki, ko neman takarda, ko rabon tallafi, sai yaron da ke zaune gaban kwamfuta ya ɗago kai ya ce maka: "Baba, na'ura ta ƙi karɓa." Shi ke nan, sai mutum ya kaɗe riga ya kama hanyar gida, kamar an yanke mishi hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Na daɗe ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoman albasa a fadamar Tarka, tun muna yi a littafi har muka koma kwamfuta, kuma abin da nake so in faɗa muku yau shi ne: na'ura ba ta da ra'ayi a kan kowa. Duk abin da ta ƙi karɓa, wani ɗan Adam ne ya zana mata layuka, ya ce mata wannan ki karɓa, wancan ki ƙi. Layukan nan ana iya sāke su. Amma sāke su aiki ne mai hatsari, kuma a wurin sākewar ne sunayen bayin Allah suka fi salwanta.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Babban littafin rajista irin na likita ko na lakwal, in ka buɗe shi za ka ga an ja layuka na tsaye da na kwance. Kowane layi na kwance mutum guda ne. Na tsaye kuwa gurabe ne: gurbin suna, gurbin gari, gurbin shekaru. Wannan shi ne jadawali. Rumbun bayanai na kwamfuta ba wani tsafi ba ne, tarin irin waɗannan jadawalai ne da aka ɗaure su da juna. A wurinmu akwai jadawalin manoma, akwai na garuruwa, akwai na bashin taki da iri, akwai na albasar da kowa ya kawo. Abin da ke ɗaure su lamba ce. Kowane manomi yana da lambarsa da ba ya tarayya da kowa a kanta. A jadawalin bashi ba a sake rubuta sunansa da garinsa, lambar kawai ake sawa, ita ce igiyar da za ta kai ka wurin mai ita.

Wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da wannan tsari a 1970. Daga baya aka ƙirƙiro harshen da ake ba rumbun umarni da shi, wato SQL. Yau wannan tsari yana ko'ina. Yana banki, yana kamfanonin salula, yana cikin wayar da ke hannunka, don kowace waya mai Android tana ɗauke da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite. Alƙaluman da cibiyoyin lafiya ke aikawa sama duk wata suna shiga manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙera, ita ma a kan irin wannan rumbu take zaune. Ko ka taɓa kwamfuta ko ba ka taɓa ba, sunanka na kwance a wani layi a wani wuri.

To, a cikin harshen nan na SQL akwai umarnin da ake kira ALTER TABLE, ma'ana sāke ginin jadawali. Da shi ake ƙara gurbi, a cire gurbi, a canza wa gurbi suna, ko a canza irin abin da zai karɓa. Rubuta shi bai kai minti guda ba. Sai dai ku kwatanta da mutumin da aka ce ya faɗaɗa rumbu, ya sāke mishi ƙofa, alhali hatsin shekara yana ciki. Ginin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce a gama aiki hatsi bai zube ba, gero bai gauraya da dawa ba.

Wani zai ce, me ya sa ba za a zana shi daidai tun farko a huta ba? Gaskiya ne, tun ran gini tun ran zane. Amma duniya ba ta tsayawa wuri guda. Ku tuna 2011, lokacin da gundumomin Nijar suka tashi daga 36 suka koma 63. A jahar Tawa an cire Malbaza daga Ƙonni, an cire Bagarwa daga Illela, an fitar da Tasara da Tiliya. Namu uku sun tsaya yadda suke, amma duk mai harkar albasa yana da hulɗa da Galmi, kuma Galmi ta kwana a Ƙonni ta tashi a Malbaza. Wanda ya rubuta sunan gunduma a gaban kowane mutum, sai ya bi layi-layi yana gyara, ya gyara wasu ya manta wasu. Wanda ya ware jadawalin garuruwa daban, wuri guda zai taɓa. Har shi ma da sauran aiki a gabansa: cinikin da aka yi a 2010, a wace gunduma za a lissafa shi? In ya goge tsohon suna kawai, ya goge tarihi. Dole ya ƙara gurbin da zai nuna daga yaushe zuwa yaushe gari yake ƙarƙashin wace gunduma.

Sunan garin ma kansa fitina ne. Wani ya rubuta Madaoua, wani Madawa. Wani Bouza, wani Buza. Wani Tamaské, wani Tamaske. A idonmu gari guda ne, a idon na'ura garuruwa biyu ne da ba su san juna ba. Ga kuma garuruwa masu suna iri ɗaya, Sabon Gari nawa ne a ƙasar nan? Shi ya sa bayan ƙidayar 2012 hukumar ƙididdiga ta INS ta fitar da kundin garuruwa da ake kira RENALOC. Duk mai gina rumbu a yankinmu, ya kamata ya jingina da irin wannan kundi, ya ba kowane gari lamba, ya bar rubutun suna ya zama na karatun ɗan Adam.

Sauyin da ya fi sauƙi shi ne ƙara gurbi, amma shi ma yana da tarko. A ce yau an ƙara gurbin da ke tambaya: manomi yana da injin ban ruwa nawa? Sababbin shiga za a tambaye su. Tsofaffin da ke ciki fa, me za a sa musu? Na'ura tana ba ka zaɓi biyu: ka bar wurin fanko, ko ka ce ta cika wa kowa da amsa guda. Mai gaggawa sai ya ce a sa wa kowa sifili. Nan take an yi wa ɗaruruwan mutane shaidar zur, an ce ba su da inji, alhali ba wanda ya tambaye su. "Ba shi da shi" daban, "ba mu sani ba" daban. Masu ilimin nan sun ware wata alama ta musamman da suke kira NULL don wannan "ba mu sani ba" ɗin. Mai riƙon amana ba ya jin kunyar barin fanko har sai ya je ya tambayo. Fanko gaskiya ce. Sifilin da aka ƙaga, wata rana wani zai ɗauke shi ya yi rabo da shi.

Yanzu mu zo ga ranar haihuwa, inda na fi so a saurara da kyau. Iyayenmu da yawa, har da wasu tsararrakinmu, takardarsu ba ta ɗauke da rana ko wata. An rubuta da Faransanci cewa an haife shi "wajen" shekara kaza. Wasu ma ba takardar, sai dai su ce maka shekarar da Kunce ya hau mulki, ko shekarar yunwar 1984. Littafin takarda yana karɓar wannan ba gardama, don alƙalami ba ya musu. Amma gurbin kwanan wata na kwamfuta rana yake so, da wata, da shekara. In kuma an ɗaura mishi sharaɗin cewa ba a barinsa fanko, to ma'aikaci ba shi da mafita sai ya ƙaga. Daga nan ne muka samu wannan abin dariya, rabin gari an haife su ranar 1 ga Janairu. Gyaran ba wuya gare shi ba: a ware gurbin shekara daban, a bar wata da rana su zama na ganin dama, a ƙara ɗan gurbi da zai nuna ko tabbas ne ko kintace. Sai dai in an riga an mayar da kowa 1 ga Janairu, aka kuma jefar da tsohon gurbin, ba mai iya rarrabe wanda aka haifa ranar da gaske da wanda aka liƙa wa. Turawa ma sun ɗanɗana irin wannan. Shekaru da dama suna rubuta shekara da alƙaluma biyu don tsimin wuri, da 2000 ta gabato sai da ƙasashe suka kashe maƙudan kuɗi suna faɗaɗa wannan ɗan gurbi.

Lambar waya ma haka. Dattawa za su tuna lokacin da lambar waya a Nijar take da alƙaluma 6, kafin a mayar da ita 8. Duk rumbun da aka gina a kan 6 sai da aka buɗe shi. Yau kuma mai zana jadawali a Yamai zai ce 8 ta isa. Bai zauna a Bangi ba, bai san mutanen bakin iyaka da yawa layin Najeriya suke riƙewa ba, mai alƙaluma 11 da ke farawa da sifili. Gurbi mai 8, ko ya ƙi lambar ko ya datse mata wutsiya. In kuma an ce gurbin na lissafi ne, sai na'ura ta haɗiye sifilin farko, don a lissafi sifilin gaba ba shi da daraja. Masu aiki da Excel sun san wannan ciwo. Lambar waya ba abin tarawa ko ɗebewa ba ce, a matsayin rubutu ake ajiye ta, tare da lambar ƙasa, 227 ko 234. Ga wanda ɗansa ke aiko mishi saƙo daga waje, ko wanda za a kira ranar rabo, alƙalami guda da ya ɓace daidai yake da ɓacewar lambar duka.

Mafi munin sauyi kuwa shi ne wanda ido ba ya gani: sunan gurbi yana nan, ma'anarsa ta canza. Mu nan da dala muke lissafi. In manomi ya ce ɗari biyu, jikka guda yake nufi, wato sefa 1000. In gurbi sunansa "kuɗi" kawai, wannan magatakarda ya rubuta 200, wanda ya gaje shi ya rubuta 1000, duk a kan bashi iri ɗaya, na'ura za ta tara su ba ta ce uffan ba. Ga kuma mai biya da naira. Haka gurbin "yawan albasa". Shekarun baya da buhu ake rubutawa, bana wani mai saye ya ce kilo yake so. Buhun ma wane buhu? Na kasuwa mai hula da ake cusawa har ya yi tozo, ko ƙarami? In aka ci gaba da zuba kilo a gurbin buhu, bayan shekara biyu rumbun zai nuna wai noma ya ninka sau da yawa, a rubuta rahoto, a yi tafi. Ƙa'ida a nan ita ce, in ma'auni ya canza a buɗe sabon gurbi, a rubuta ma'aunin a jikin sunansa, a bar tsohon da abin da ke cikinsa.

Akwai kuma sauyin da ke buƙatar a raba jadawali gida biyu. Rajistoci da yawa an gina su a kan layi guda, gida guda, da sunan mai gida. Wanda ya san Adar ya san wannan zane bai dace da mu ba. Da an gama girbi maza sun kama hanya, wasu sai damina, wasu sai bayan shekaru. Wa ke riƙe da gida? Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da hukumar abinci ta duniya, kowa ya san mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, su suka yi gina da dashen itatuwa. Amma har yau sai ka ga jadawalin da ba shi da wurin rubuta matar, sai sunan mijin da ke Abijan. Ranar rabo a ce mai sunan ya zo da kansa. Maganin shi ne jadawalin gidaje daban, na mutane daban, lamba ta haɗa su, a kuma nuna wanda ke karɓa a madadin gida. Haka gida mai mata biyu ko uku, kowace da tukunyarta, yake samun wurin zama a cikin rumbu ba tare da an danne wata ba.

Irin wannan rabawa ce ke ceton mutum daga ƙara gurbi kullum. Ku ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Madawa da Buza suna cikin wuraren da aka fara shi a Nijar a 2013. Zagaye-zagaye ake ba da shi, wata-wata. In ka zana gurbin zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, ranar da aka ce a ƙara na biyar sai ka fasa gini. In kuwa ka ware jadawalin da kowane shan magani yake layi guda, da lambar yaro da ranar, ko zagaye goma aka ƙara ba ka taɓa bango ba. Haka bashin taki: ba a yi wa kowace shekara gurbi, layi ake ƙara mata.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana, don kada a ce zance ne na cikin littafi. Wata shekara wasu masu tallafi suka zo za su ba da iri da taki bashi. Suka karɓi rajistar ƙungiyoyi da dama, har da tamu, suka ce za su haɗe su a rumbu guda. A tamu akwai gurabe biyu da dattawan ƙungiya suka nace a sa tun zamanin littafi: laƙabi da unguwa. Sabon jadawalinsu ba shi da wurin waɗannan, sai suna, sunan uba, ranar haihuwa da gari. Wanda ya yi haɗin, can a birni, ya ga laƙabi ba abin ofis ba ne, ya zubar. Daga nan aka umarci na'ura ta share duk wanda ya fito sau biyu. A wani gari akwai mata biyu, sunansu ɗaya, sunan mahaifansu ɗaya, dukansu an rubuta musu 1 ga Janairu na shekara guda. A gari ba mai rikita su, ɗaya da sunan ɗanta na fari ake kiranta, ɗaya da sana'arta, unguwarsu ma ba ɗaya ba. A na'ura kuwa sun zama mutum guda, aka share ɗaya.

Ranar rabo aka kira sunan, su biyu suka miƙe. Aka ba wadda ta riga isa teburi. Ɗayar, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta matso kusa da ni ta ce: "Ɗana, duba dai da kyau. Bara anka kira ni, bana mi ya hana?" Na ce: "Inna, sunanki na nan cikin littafinmu, wurinsu ne babu." Ta ce: "To wane ne ya hid da ni? Ni ban yi ma kowa laihi ba." Yaron da ke riƙe da kwamfutar ya faɗi abin da aka saba faɗi, na'ura ba ta nuna ta ba. Shi ma ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ke nan. Muka ɗauki tsohon littafi da kwafin rajistarmu, shugaban ƙungiya da mai gari suka sa hannu, aka aika. An gyara, ba a ƙi ba. Amma kafin takarda ta je ta dawo, lokacin dashe ya wuce. Albasa ba ta jiran sa hannu. Shekarar nan ƙwadago ta yi a garken wasu. Da muka bi sauran sunaye, sai muka tarar ba ita kaɗai ba ce.

Ba wanda ya yi niyyar cutar ta. Garin neman gira ne aka rasa ido. Gurbin da mutumin birni ya gani tarkace, shi ne kaɗai abin da ke raba mutum da mutum a ƙauye. Ƙara gurbi ana iya warware shi gobe. Cire gurbi kuwa kamar zubar da ruwa ne a rairayi. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai cire gurbi, ya fara tambayar wanda ya sa shi, don me ya sa.

Ga 'yan uwana masu wannan aiki, matasan da suka fito daga jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sauran makarantu, da masu yawo gida-gida da KoboToolbox a waya, ga abin da aiki ya koya mana. Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya, ka ajiye a wani wuri daban, ka kuma gwada buɗe kwafin ka ga yana buɗuwa. Gwajin sauyi a kan kwafi ake yi, ba a kan na aiki ba. Kada ka rushe tsohon ɗaki sai sabon ya bushe: buɗe sabon gurbi a gefen tsoho, kwashe bayanai zuwa ciki, ka bar su biyun tare har kaka ta zagayo. Ƙidaya layuka kafin da bayan aiki, ka tara jimillar bashi kafin da bayan aiki. In mutum guda ya ragu, ko dala guda ta ƙaru, tsaya ka nemo dalili. Kada ka bar na'ura ta share mutum da kanta. Ta ware waɗanda take zargin sun maimaitu, ɗan Adam da ya san garin ya duba.

Ka kuma san halin rumbun da kake aiki da shi. Wuta a wurinmu ba ta sallama in za ta tafi. PostgreSQL da SQLite suna ba ka damar ƙulle sauye-sauyen gini a ƙunshi guda, ko duka su shiga ko a koma yadda ake, kamar cinikin da ba a rabawa. MySQL kuwa, kowane sauyin gini da ya shiga ya zauna, ba a janye shi da umarnin komawa baya. SQLite sai a 2021 ya samu umarnin cire gurbi kai tsaye, kuma in za ka canza irin abin da gurbi ke karɓa, hanyar da aka sani ita ce ka gina sabon jadawali, ka kwashe, ka sauke tsohon, ka ba sabon sunansa. A wurin wannan kwasa ne igiyoyin da ke ɗaure jadawalai suke tsinkewa, ka wayi gari da bashi ba mai shi. Rubuta duk sauyin da ka yi, da rana da dalili, don wanda zai gaje ka. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a sāke ginin rumbu ana gobe rabo, ko a tsakiyar watan Maris da Afrilu lokacin da albasa ke shigowa. Kuma bayan an gama duka, a buga sunayen a takarda, a je garin, a karanta su da ƙarfi a gaban jama'a tun da sauran lokaci. Ban taɓa ganin gwajin da ya kai wannan kama kuskure ba. Tsohuwa guda da ke zaune a bakin tabarma za ta gaya maka wa aka tsallake.

Ga sauran jama'a kuma, masu gari, limamai, shugabannin ƙungiyoyin mata, jagororin kwamin daga Azarori har Garhanga, daga Karofane har Ibohamane: ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku sa baki. In an zo rajista, ku ce a karanta muku kan gurabe tun kafin a fara. Ku tambaya, ina wurin laƙabi? Ina wurin matar da mijinta ke tafiya? Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, me za ku rubuta mishi? Da dala kuke rubutawa ko da sefa? Ku riƙe littafinku na takarda, kada ku yar da shi don an kawo na'ura, ku nemi a bar muku kwafin abin da aka ɗauka. In aka ce sunan wani ya ɓace, ku tambaya cikin ladabi: a da yana ciki? Yaushe aka sāke jadawalin? Ina tsohon kwafi? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ni ban ce a guji na'ura ba. Abin da muke kwana uku muna lissafawa a littafi, yanzu kafin shayi ya nuna an gama, kuma ta toshe ƙofofin cuwa-cuwa da yawa. Ina dai so mu daina jin tsoronta. Ranar da aka ce muku ta ƙi karɓa, ku sani akwai gurbin da aka zana ba da saninku ba, akwai kuma mutumin da ke da ikon gyara shi. Ku nemi a kai maganar wurinsa.

Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi ko da wani nasa, ya ba mu labari, ba sai ya ambaci sunan kowa ba, don masu zana jadawalin nan su ji da kunnensu. Wanda kuma ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa albasa ta yi kuɗi, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.